Kamu Goma

A Zongon Lome akwai wani gida da shingensa ke tafiya. Kada ku yi dariya. Kubura mai wake da shinkafa ta shekara goma sha biyu tana kallonsa, kuma kullum ƙofar ɗakinta yake nufa.

Maganar tsohuwa ce. Gidan Buraima, maƙwabcinta, sun ce bayan gidan nan garken kakansu ne, nan yake ɗaure shanun da ya koro daga arewa. Mijinta, marigayi Malam Salahu, ya ce mahaifinsa ya tarar da wurin ba kowa sai kwakwa da sauro. Ba takarda, ba shaida mai rai. Aka zauna ana gaisawa, ta ciki na ciki, har wata Juma'a, maza na masallaci, wuta ta cinye zanan da ke tsakani.

Malam Salahu ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Ya ɗauki goro ya shiga gidan Buraima, ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, a auna kamu goma a ɗauka. Aka fasa goro, aka shafa fatiha, aka kafa sandunan aduruku a sabuwar iyaka. Abu ɗaya aka manta a faɗa: da hannun wa za a auna. Malam guntu ne, Buraima kuwa daga gwiwar hannu zuwa yatsa sai ka ce muciya. Shi ya auna. Malam ya yi murmushi kawai.

Bayan shekara huɗu wuta ta sake tashi, ranar Juma'a. Kamu goma. Bayan uku, ta kuma. Kamu goma. Zuwa wajen jandarma ba a ma zancensa, don a zamanin nan na jam'iyya ɗaya mai kai ƙara bai san lokacin da zai dawo gida ba. Shi kuma aduruku ba ya mutuwa, in ka soka sanda sai ta yi ganye. Layi uku ke nan a tsaye, na baya ya fi na gaba tsawo, kamar masu bin liman.

Abin da ya rage wa Kubura ɗaki biyu ne, da murhu, da rijiya. Malam ya haƙa ta shekarar aurensu, kuma a unguwar da rijiyoyi ke ɗanɗanon gishiri, tata ruwanta garɗi gare shi. Juma'ar da ta wuce wuta ta tashi, ta farko tun rasuwarsa. Dattawa suka aiko cewa za su zo da goro bayan masallaci a wannan Juma'ar. Kamu goma, kuma rijiyar na ciki.

Ƙanenta Nata'ala, mahauci, ya zo da jini a rigarsa, yana huci.

"Yaya, kare in ya yi haushi ka jefa masa ƙashi, haushi ka koya masa. Wallahi in kika ba su rijiya, baɗi murhunki za su nema."

"Mun samu shekara huɗu muna barci, sannan uku, sannan biyar," in ji ta. "Kai da ba a gidan kake kwana ba, barci ba komai ba ne?"

Nata'ala ya tafi yana tsaki.

Ita ma ba ta san gaskiyar wa za ta bi ba. Mai dafa wake tun asuba, da rana ta take barci ke ɗaukarta, kuma a nan Malam ke zuwa. Iskar teku na kaɗa ganyen aduruku, gangunan masu rawar jam'iyya na tashi can nesa, sai ta gan shi zaune a bakin rijiya da hularsa a karkace, yana leƙen ruwa. Tana kewarsa ƙwarai, har ba ta son farkawa.

"Ƙasa ta Allah ce, Kubura," yakan ce. "Ni da nake kwance yanzu, kamu nawa na ci?"

Ranar Juma'ar ba ta shiga ɗaki ba. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar rijiya don su yi ban kwana. Barci na fizgarta, tana ganin itatuwan suna ɗaga saiwa suna takowa a hankali, sai ta ji ƙauri. Ta buɗe ido. Wata tsohuwa ce durƙushe a gindin ragowar zana, da garwashi a kasko, tana hurawa. Ajaratu ce, matar Buraima, wadda ta yi mata wankan jego sau biyu.

"Ajaratu, ashe ke ce?"

Kaskon ya faɗi. Ajaratu ta zauna a ƙasa daɓas, ba ta yi ko yunƙurin gudu ba.

"Na ji tsoro kada ki canza shawara ki hana mu rijiyar."

"Duk shekarun nan?"

"Ban da ta farko." Ta share hanci da gefen zane. "Ta farko kifi nake soyawa, iska ta ɗauki garwashi. Kwana uku ina ɓoye a ɗaki ina jiran ku zo ku ci mutuncinmu. Sai ga Malam da goro." Ta ɗago kai. "Amma filin namu ne, Kubura. Haka surukata ta faɗa mini har ta koma ga Allah. Shekara talatin muna faɗa da baki, ba wanda ya ji."

Zanan ya fara ci. Kubura ta zura guga ta jawo, ta watsa, ta sake jawowa. Na uku Ajaratu ce ta karɓa ta watsa. Ba wadda ta kalli 'yar'uwarta.

Da aka sauko daga masallaci dattawa suka shigo, Buraima na gaba yana naɗe hannun riga, Nata'ala na baya fuska a murtuke. Aka ajiye goro a gaban Kubura. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta tura shi da yatsa biyu, ɗungum, ba a fasa ba.

"Magana kam za mu yi, Buraima, ko ta shekara ce. Amma ba da ƙaurin hayaƙi a hancina ba."

"To in wuta ta sake tashi fa, Inna Kubura?" in ji wani dattijo.

"Ga rijiya."

Washegari da rana barci ya ɗauke ta a tabarmar nan. Malam ya zo kamar kullum, hula a karkace, murmushinsa na nan. Ya dubi toka, ya girgiza kai, ya naɗe riga ya aza gwiwar hannu a ƙasa zai fara awo. Shekara talatin da huɗu na aure ba ta taɓa yi masa musu ba. Ta kama guntun hannun nan nasa ta riƙe gam, tana kuka, ta ƙi saki.