Muryar Yaya Haladu

Lukman ya sake danna maɓallin, baƙin allon ya sake zubo masa jan rubutu.

"Ka gaya masa ƙofar kuwa?" in ji Sharhabilu ta waya. Abokin yayansa ne, tare suka yi karatun kwamfuta, yanzu yana aiki a Kano.

"Wace ƙofa?"

"Furogiram kamar gida yake, ƙanena. Ɗakuna da yawa, amma ta zaure ake shiga. Shi Maven ɗin nan haɗa ginin yake yi ya kunna maka, sai dai dole ka nuna masa zauren. Nemo fayil mai suna Main, ka rubuta cikakken sunansa a ƙarshen layin da na turo maka. Yi sauri, za mu shiga mitin."

Lukman na zaune a kusurwar shagon Maikano a Sabon Gari, inda ake buga takardu da cajin waya. A gida babu wuta tun shekaranjiya. Kwamfutar ta Haladu ce, yayansa, wanda motar haya ta kife da su a hanyar Gaya kafin azumi. Wayarsa ma ba a same ta a wurin ba. Abin da ya bari riguna ne, da takalmi, da wannan kwamfutar da ya kusa shekara yana duƙe a kanta yana cewa wani abu yake haɗa wa makiyayan da ke zuwa kara ranar Juma'a. A gida ba wanda ya taɓa ganin abin.

Lukman bai wuce sakandare ba. Harafi-harafi ya kwafi sunan, ya danna.

Rubutu ya yi ta gudu. Wasu layuka ruwan ɗorawa suka wuce. Sai wata taga ta buɗe a allon: hoton saniya, hoton akuya, hoton tunkiya. Ya ɗora kibiya kan saniyar.

"Assalamu alaikum. Idan ka ga saniyarka tana dalalar da miyau, ta ƙi kiwo, to duba bakinta da kofatonta..."

Maikano ya ajiye takardun da ke hannunsa.

"Innalillahi. Ai Haladu ne wannan."

Shi ne. Har da gyaran muryar da yake yi kafin ya faɗi doguwar magana. Don waɗanda ba su iya karatu ba ya yi abin, shi ya sa ya ɗauki muryarsa. Lukman ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. A na akuya akwai zakaran gidansu yana cara a baya. A na tunkiya Haladu ya yi tuntuɓen harshe, ya yi dariya, ya ce bari a sake, bai kuma goge ba.

Ya kira gida.

"Inna, na kunna abin Yaya. Da muryarsa a ciki. Yana magana."

Haladu ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko ranar da aka kawo gawarsa ba ta yi kuka a gaban mutane ba.

"To," in ji ta. "In ba wahala, ka taho da shi bayan la'asar."

Ya kashe furogiram ɗin ya sake kunnawa don ya tabbatar hannunsa ya iya. Abin ya tashi. Amma layukan nan ruwan ɗorawa suna nan, kowanne da kalmar gargaɗi a gabansa. Suka tsaya masa a rai. Idan a gaban Inna abin ya ƙi fa? Ya kira Sharhabilu, ba a ɗaga ba. Ya kwafi layin gargaɗin ya nema a wayarsa. Duk inda ya buɗe magana ɗaya ce: ka fara sharewa, ka sake ginawa. Kalma ɗaya za a ƙara a layin.

"Me kuma kake taɓawa?" in ji Maikano.

"Gyara."

"Abu yana magana lafiya lau. Kai dai hannunka ba ya zama, injiniyan ƙarya."

Lukman bai kula shi ba. Ya rubuta mvn clean, ya bi shi da sauran layin, ya danna.

Wannan karon ba ja, ba ruwan ɗorawa. Tas. Taga ta buɗe da sauri fiye da ɗazu. Ya danna saniyar.

Shiru.

Ya danna akuya. Ya duba sauti, yana sama. Ya rufe ya sake ginawa. Ya sake. Ya kashe kwamfutar gaba ɗaya ya kunna. Maikano ya zo ya tsaya a kansa, ya leƙa allon, ya koma.

Sai da aka idar da azahar Sharhabilu ya kira. Lukman ya karanta masa abin da ya rubuta.

"Shiga inda ake ajiye ainihin aikin. Akwai folda ta sauti?"

"Babu."

"A wancan wurin fa, inda Maven yake zuba abin da ya gina?"

"Babu."

Sharhabilu ya ja numfashi. "Halinsa ke nan, Allah ya jiƙansa. Ya zuba muryoyin kai tsaye a wurin ginin. Na sha faɗa masa. Wannan umarnin da ka ba shi, wurin yake rushewa gaba ɗaya ya sake gina sabo. Abin da ba ya cikin ainihin aikin ba ya dawowa."

"Kwandon sharar kwamfutar fa?"

"Ba ta nan yake bi ba. Da ka kashe kwamfutar nan take, da wataƙila masu gyara a Kano su tsamo wani abu. Sau nawa ka sake ginawa?"

"Da yawa."

"Lukman."

"Na'am."

"Kada ka ƙara taɓa komai. Zan zo Asabar in duba. Amma kada ka sa rai."

Ya yi la'asar a masallacin bakin titi. Ya bi hanya a ƙafa, jakar a rataye, duk da masu babur suna ta yi masa hon. Ya shirya maganar da zai faɗa tun daga shagon. Gajeriya ce: Inna, na ɓata shi.

Ya tarar ta share tsakar gida ta shimfiɗa sabuwar tabarma, wadda ake fito wa baƙi da ita. Ta yi wanka, ta saka atamfar salla. Ta kora yaran maƙwabta waje ta sakaya ƙofa. Ta jawo turmi ta kifa shi don a ɗora kwamfutar.

"Ka daɗe," in ji ta. "Ka ci abinci?"

"Na ci."

Ya durƙusa ya buɗe kwamfutar. Maganar tana bakinsa. Hannunsa ya rubuta layin, ya danna. Rubutu ya gudu, taga ta buɗe.

"Shi ya zana dabbobin?"

"Shi ya sa su."

"To."

Ya danna saniyar. Inna ta matso. Ta jira. Ta zame ɗankwalinta daga kunnen dama, ta karkato da kanta dab da kwamfutar.

"Kunnen nan nawa ya yi nauyi tun bara. Ƙaro shi."

Ya danna maɓallin sauti har ya ƙure.

Ta rufe ido. Can waje wata mai awara tana talla. Inna ta ƙara sunkuyawa har kuncinta ya kusa taɓa allon.

"Kai kana ji?"

Lukman ya kalli hannunta a kan tabarma.

"Ina ji, Inna."

"Me yake cewa?"

Ya gyara zama.

"Sallama ya fara yi," in ji shi.

"Wa alaikumus salam," in ji Inna a hankali, ba ta buɗe ido ba. "Sai kuma me?"