Tantabarun Yoandri

Ranar da aka kwantar da Yoandri a asibiti, yayarsa Odalis ta hau saman benensu a tsohon birnin Havana na ƙasar Cuba, ta tsaya tana hararar tantabarunsa.

Likita ta yi mata bayani dalla-dalla. Tun da ya fara wasa da maganin ƙanjamau garkuwar jikinsa ta zube, har wata ƙwayar cuta da ke cikin busasshen kashin tantabara, wadda ba ta cika kayar da mai lafiya ba, ta bi numfashinsa ta hau ƙwaƙwalwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Odalis ba mai neman shawara ba ce. Ta cusa tsuntsayen a kwanduna, ta ba ɗan kawunsu Reinier ya tafi da su can garin Matanzas mai nisa, ta farfasa akurkin, ta goge simintin har tafin hannunta ya saluɓe. In ƙaninta ya dawo, ba zai tarar da abin da zai sake kwantar da shi ba.

"Yaya, kin ba 'ya'yana abinci?" ya tambaye ta a asibiti. Ciwon kai ba ya barinsa ya buɗe ido.

"Masu yi min kashi a kan shanya? Sun ƙoshi, sun ma fi ka ƙiba."

"Ƙarya kike. Ba na jin warinsu a jikinki."

Dole ta faɗa masa gaskiya. Ta ɗauka zai yi fushi, sai ga shi yana dariya, dafe da kai.

"Reinier? Wannan sakaran? Ke ma dai, Yaya. Ai tantabarar da ta girma a gida ba a kyautar da ita. Ranar da ya buɗe musu ƙofa, sai dai ya ɗaga musu hannu."

"Su dawo mana, in yanka su in yi maka romo."

"Za su riga ni isa gida, ki sa ido."

"Rufe min baki. Da ƙafarka za ka koma."

Bai koma ba. Cutar ta riga ta yi nisa.

Washegarin jana'izarsa da hantsi Odalis ta hau bene shanya zanin gadonsa, sai ta ji karkaɗar fukafukai. Tantabarun ne suka dawo, suka yi ta zagaye saman benen, sannan suka sauka daidai inda akurkinsu yake a da, suna tattaki a kan simintin da ta goge. Farar da ya fi ji da ita ta tsaya tana leƙen ƙofar matakala.

Odalis ta ɗaga tsintsiya, hannun ya ƙi sauka. Ta ajiye ta, ta gangara kicin, ta ɗebo wake a gwangwanin da yake ba su abinci da shi, ta dawo. Ta gwada kiransu da irin fiton da yake yi musu, leɓɓanta suka ƙi haɗuwa. Sai ta durƙusa ta watsa waken.

"Ba zai hawo ba," ta ce da farar. "Ku ci."