Ranar da Na Allah Ya Ƙona Gonarsa

Shekarar da aka samu 'yancin kai, masu garuruwan iyakar Tasawa da Mayahi suka zauna a Urafane suka yi alkawari: duk inda wutar daji ta tashi a buga ganga, gari ya miƙa wa gari, kowa ya fito.

Da kaka ta zo an tone gujiya, tana tsibi-tsibi cikin gonaki. Ranar kasuwar Gidan Amumune, yawancin mazan wani ƙauye na gefen Mayahi sun tafi cin kasuwa, har da makaɗi. Zara'u, matar Na Allah sarkin noma, tana sussuka ta hango hayaƙi daga gabas, iska na koro shi. Ta ruga gidan makaɗi ta ciro gangar, ta yi ta dukanta ba tsari. Can sai ta ji wata ta amsa daga gefen Tasawa.

Danda, mai garin can, ya iso da mutanensa riƙe da hauyoyi da ɗanyun rassan sabara. Ya tarar da Na Allah da ƙanensa Mutari a bakin burtali. Bayan burtalin rumbunan gari ne. Gabansa kuwa gonar Na Allah ce, harshen wuta ya kusa lasar ta.

"Sarkin noma, duka da rassa ba ya kashe wannan wutar," in ji Danda. "Sai mun kunna wata daga nan ta je ta tare ta."

"A gonar yayana?" Mutari ya daka tsawa. "Ku zo daga ƙasarku ku ƙona mana noman shekara? A kwashe gujiyar tukuna!"

"Kafin a kwashe tsibi ɗaya ta ci rumbunanku."

Mutari ya ɗaga hauya. Mutanen Danda suka matso. Toka mai zafi ta fara sauka a kafaɗunsu.

Na Allah ya karɓi ashana a hannun Danda, ya tsugunna ya cinna wa karan gonarsa wuta.

Suka jeru a burtali suna dukan duk abin da ya nemi tsallakawa. Iska ta juya, tartsatsi ya faɗa kan jinkar wani rumbu. Danda ya haye ya fizge ciyawar da hannu, mata suka bi shi da tulunan ruwa. Wuta biyun suka haɗu a tsakiyar gona da ƙara, suka yi sama, sannan suka lafa.

Da 'yan kasuwa suka dawo da la'asar, rumbuna na tsaye. Mutari ne ya goyo Danda zuwa inuwa, Zara'u ta ɗaure masa hannuwan da suka ƙone. Na Allah bai kai buhu ko ɗaya awo ba a shekarar. Irin da ya shuka da damina daga rumbunan mutanen Danda ya fito.