Hoton Inna Daga Kan Tudu

Babu gidan biki a Gwarzo da ban shiga da kyamara ba, amma ba ni da hoton uwar da ta haife ni. Ni ne ɗan fari, mu kuwa asalinmu makiyaya ne, ko da yake yanzu noma muke a Dugabau. Inna Asta ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ina sallama za ta ja mayafi ta kau da kai, sai ka ce baƙo ya faɗo mata gida. Kunya ce, na sani, amma tana ci mini rai.

Ranar da ƙanwata Zinnira ta kira ta ce likita ya ce a mai da Inna gida a ci gaba da addu'a, hankalina ya tashi. Na roƙe ta ta ɗauko mini ita a waya. Inna ta rufe fuska ta ce in dai wancan za a kai wa, a bari.

Da hantsi ake fito da ita tsakar gida ta sha rana, bayan gidan kuma akwai tudu. Na hau da kyamarata da tsohon dogon madubinta mai jawo nesa, wanda da hannu ake murɗa shi. A cikin kyamara akwai ɗan gilashin da ake duban saiti a kansa. Nawa mai da'ira ne da tsaga a tsakiya: in rabi ya haɗu da rabi, hoto ya fito. Ina ɗora ido, rabin da'irar ya yi baƙi ƙirin. Na gusa, ɗaya rabin kuma ya yi baƙi. Haka muka yi ta wasan ɓuya da ɗan banzan gilashin nan har aka shigar da ita ɗaki.

Ban tsaya ko'ina ba sai shagon Malam Mijinyawa, wanda ya koya mini sana'a. Ko gaisuwar kirki ban iya yi ba.

"Baba, ka rufa mini asiri. Gilashin nan ya kashe ni."

"Kai, Badaruddeen, zauna mana. Yo ai mai tsaga ba ya shiri da dogon madubi, haske ba ya isar sa." Ya ɗauko wani gilashin da ɗan hantsaki ya ɗaga. "Wannan fili ne fetal, ba da'ira ba tsaga. Ba ya baƙi. Amma fa ba abin da zai nuna maka, idonka ne kawai."

"In idon ya gaza fa, Baba?"

"To, ba mai taimakonka. Wanne zan sa?"

Na ce ya sa filin.

Washegari na koma tudun. Aka fito da ita. Na murɗa madubin a hankali, hazo ya fara washewa: mayafi, goshi, kumatun da ciwo ya zabge. Sai idanu.

Ni take kallo. Ta hango ni a kan tudu, ta ɗauka nisan ya isa ya ɓoye ta, ta saki mayafin ta zuba mini ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Ban taɓa sanin haka idanunta suke ba.

Hawaye ya cika mini ido, komai ya narke. Na goge, wani ya zo. Hannuna ya goce a kan madubin, na murɗa gaba, na murɗa baya, ban san inda saitin yake ba. Na yi ta dannawa ina Allah-Allah, har Zinnira ta zo ta kama ta suka shiga ciki.

Na duba hotunan a bayan kyamara ɗaya bayan ɗaya. Karan darni ya fito tar, har da igiyar da aka ɗaure shi da ita. Inna kuwa wani fari-fari ne kawai a cikin hazo.

Washegari ba a fito da ita ba.