Rumbunan Mushe Zakiyyu

Kwana goma kacal Zakiyyu ya yi a Damagaram wajen wani horo na malaman lakwal, wato malaman makarantar boko da ake kira da laƙabin Mushe, amma ya dawo Gangara da ilimin da ya hana kowa sakat. Wai masana halayyar ɗan Adam sun gano cewa kan mutum rumbu uku ne. Na farko yana kama abin da ido ya gani ko kunne ya ji, ƙiftawa ɗaya ya sake shi. Na biyu ɗan ƙarami ne, abu bakwai yake ɗauka, da na takwas ya shigo sai wani ya faɗi waje. Na uku kuwa ba ya cika, kuma abin da ya shiga ya shiga ke nan. Hanyar kai kaya daga ƙaramin zuwa babban ɗaya ce tak: maimaitawa.

Ya faɗa wa 'yan ajinsa, ya faɗa a majalisar shayi, ya tare mai faci a bakin hanya ya faɗa masa. Kawunsa Manzo, wanda ya shekara hamsin yana ɗinka rumbu na gaske, ya saurara har ƙarshe ya ce, "To Mushe, naka ukun duk da jinka, ko akwai mai yoyo?" Zakiyyu ya yi murmushin mai tausayin jahilai. Daga ranar ma ya daina yawo da takarda da biro, ya ce rubutu aikin masu ƙaramin kai ne.

Ana cikin haka matarsa Sakinatu ta haifi ɗiyarsu ta biyu. Mahaifiyar Sakinatu ta rasu bara a Falanko, kuma abu ɗaya maijegon ta roƙa: a mayar da sunan Inna. Zakiyyu ya amsa da "an gama" kafin ta rufe baki, sannan ya tsaya. Shekara shida da aure bai san sunan surukarsa ba. Ina zai ji shi? 'Ya'yanta Inna suke cewa, mijinta bai taɓa kama sunan a gaban mutane ba, shi kuma suruki ko ya sani bakinsa ba ya ɗauka.

Sakinatu ta sunkuyar da kai, ta faɗi sunan uwarta sau ɗaya, a hankali, idonta cike da ƙwalla.

"Raishatu. Don Allah ka rubuta, Mushe. Ba zan iya sake faɗa ba."

"Haba! Ni?" Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "Ya wuce babban rumbu."

Ya maimaita sau biyu a zuci, don kunya ba ta bar shi ya motsa leɓe ba. Yana shirin na uku aka yi sallama a ƙofar gida, mai rago ya iso. Bayan rago sai goro, sai dabino, sai wanzami, sai aron tabarmi, sai rumfa, sai ganyen shayi da sukari, sai motar da za ta kwaso dangi daga Falanko. Da Zakiyyu ya ƙirga da kansa da ya ga an zarce bakwai, amma mai koyarwa ba ya zama ya saurari darasinsa.

Ranar suna da hantsi ƙofar gida ta cika. Mahaifin Sakinatu yana zaune a tabarmar gaba da farar rigarsa, ya sha hanya don kawai ya ji an sake kiran sunan matarsa a duniya. Liman ya matso da kunnensa ya ce, "Wane suna?"

Zakiyyu ya buɗe babban rumbu da ƙwarin gwiwa, ya laluba, ya ji wayam. Mahauci ya riga ya kayar da rago yana jira da wuƙa, liman ya ƙara matsowa, mutum ɗari sun zuba ido. Ya tambayi wani? Shi, mai rumbu uku? Ya sake zura hannu can ƙasa, sai ga sunan mace ya taso masa sumul, ba gargada, irin wanda harshe ya daɗe da sabawa. Ya ji sanyi a ransa, ya raɗa wa liman.

Aka yanka rago, aka shafa fatiha. Maroƙi ya ɗaga murya har ta kai cikin gida: "Sunan jaririya Fa'iza!"

Kawu Manzo ya yi tari, ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba. Duk Gangara an san Fa'iza, 'yar Tanut ɗin da Zakiyyu ya yi shekara uku yana wa sintiri a kan babur, yana kiran sunanta a farke da cikin barci, kafin ta auri wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ta bar shi da ramar wata biyu. Sai a lokacin kunnen Zakiyyu ya gane abin da bakinsa ya yi. Surukin nasa ya ajiye goron da aka ba shi a kan tabarma, ya nemi takalmansa.

Da ya shiga ɗaki ya tarar da Sakinatu ta daina kuka, kuma wannan ya fi tsorata shi. Ya fara bayani, wai wani lokaci tsohon abu yakan tare wa sabo hanya, masana ma sun san da haka.

"Na gane," in ji ta. "Inna ta kwana ɗaya a ƙaramin. Waccan kuwa shekara nawa tana zaune a babban, ina share mata gida?"

"A sake yanka wani ragon, a canza."

"A'a, an shafa fatiha, Baba kuma ya ji da kunnensa." Ta gyara wa jaririyar zani. "Da sunan Inna aka sa, har in mutu bakina ba zai kama shi ba. Wannan kuwa ba abin da zai hana ni. Safe da yamma za ka ji shi, tunda ka ce maimaitawa ke hana mantuwa."

Ta ɗaga yarinyar ta miƙa masa.

"Fa'iza, ga babanki."