Mutumin Da Ya Iya Zama

Darakta ta cire tabaran daga fuskarta, ta murza idanu, ta yi wa Auta irin kallon da ake yi wa tela idan ya kawo riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Mutumin nan naka sauri yake yi," in ji ta.

"Sauri kuma? Ai a zaune yake."

"A zaune yake, amma hankalinsa na bakin ƙofa. Ni da na zauna kusa da shi, ji na yi kamar in ce masa na gode, Allah ya huta gajiya, ya tafi abinsa."

Mai sauti, wanda ba a magana a sutudiyon nan bai tsoma baki ba, ya zare abin kunnensa ya ce, "Wa ka kwaikwaya, Auta?"

"Kaina."

"To, an gano bakin zaren!" Aka kwashe da dariya, har da mai zanen fuskoki da ba ta cika fara'a ba.

Aikin sutudiyon shi ne katun da tallace-tallace, sai kuma hotunan da ake kallo da wani ƙaton tabarau. In ka ɗaura shi a fuska sai ka tsinci kanka tsundum cikin ɗakin da babu shi a duniya, ka waiga dama ka ga taga, ka waiga hagu ka ga kujera. Wannan karon wani asibiti ne ya kawo musu aiki. Suna da majinyatan da suka daɗe a kwance har 'yan uwa suka gaji da zuwa, suna so a yi musu mutum a cikin tabaran wanda zai zauna kusa da su. Ba hira, ba waƙa, ba wa'azi. Zama kawai. 'Yan sutudiyo suka sa masa suna Ɗan Dubiya, aka zana masa fuska, aka sa masa riga, mai sauti ya ba shi numfashi. Saura motsi, motsi kuwa aikin Auta ne.

Auta ba ƙaramin gwani ba ne. Sunan gida ne ya biyo shi har wurin aiki, ga shi furfura ta fara leƙowa a gemunsa amma ba a daina kiransa Auta ba. Ya taɓa sa buta ta yi dambe da cokali, ya sa mota ta yi atishawa har yara suka riƙa kwaikwayonta a titi. Yadda yake aikinsa kuwa, kafa kyamara yake yi, ya tsaya a gabanta ya yi motsin da jikinsa, sannan ya zauna ya bi hoto bayan hoto yana juye wa zanen. Haka ya yi wa Ɗan Dubiya, ya ba shi zamansa na kansa, ga kuma abin da aka samu.

"Je ka nemo wanda ya iya zama da mutum, ka ɗauko mana shi," in ji Darakta. "Kada ka kawo mini ɗan wasa, wasan zama zai yi mana. Wanda bai ma san ana ɗaukarsa ba nake so."

Auta ya koma ɗakinsa na haya a saman wani shagon ɗinki, ya zauna a bakin gado yana lissafa mutanen da ya sani. Lissafin bai yi nisa ba. Aurensa ya mutu tuntuni, ba faɗa ba zagi, shiru ne kawai ya yi musu yawa. Abokansa duk a cikin waya suke zaune, daga barka da safiya sai hoton dariya. In ya dawo daga aiki, ƙugin firij da ƙarar keken ɗinki daga ƙasa su ne abokan hirarsa. Sai can ya tuna da Baba, ya kuma ji kunyar yadda tsohon ya zo masa a ƙarshen lissafi.

Tun rasuwar Mama, Auta bai ƙara yin zaman kirki a gidan ba. Ita ce tafintarsu. Baba ya ce mata, "Tambayi ɗanki ko ya ci abinci," shi kuma ya ce, "Mama, ki ce wa Baba ya daina hawa tsani," alhali su ukun suna falo ɗaya. Da ta tafi sai aka bar mutum biyu da ba su san ta inda ake fara magana ba. Yakan leƙa jefi-jefi, ya gaisa a tsaye, mabuɗin babur na hannunsa.

Washegari da yamma ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan mahaifin nasa. Baba ya buɗe, ya dube shi, ya leƙa bayansa.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Baba. Gaishe ka na zo yi."

"Ikon Allah. To, shigo."

Falon na nan yadda yake: kujeru biyu suna fuskantar taga, kanta mai ɗauke da rediyo da kwalaben magani, labulen da rana ta cinye wa launi. Auta ya ce wayarsa ba caji. Ya soka ta a soket ɗin da ke bayan rediyo, ya jingina ta da kofi, idonta yana kallon kujerun, ya danna ɗauka da ɗan yatsa kamar ɓarawo. Baba ya dafa shayi. Suka taɓa zancen gwiwar Baba, suka taɓa zancen maƙwabcin da ƙofar gidansa ke kuka, zance ya ƙare. Suka zauna.

Ya koma bayan kwana biyu, ya sake komawa, ya kuma sake. Kullum wayar ba caji. A zuwa na gaba ya tarar an wanke labule, Baba ya yi aski, kofi biyu na jira a kan tire tun kafin ya iso.

Ana cikin haka Yaya ta bugo daga garin da take aure.

"Kai, Auta, me ka yi wa tsohon nan? Jiya ya riƙe ni a waya har kunnena ya yi zafi. Auta ya zo, Auta ya ce, Auta ya sha shayi kofi biyu. Har mai gyaran famfo ya ba labarinka."

"Ai ba komai, Yaya."

"Da komai. Ka ji ni da kyau, kada ka fara abin da ba za ka iya riƙewa ba. Da can ya saba da rashinka. Yanzu in ka sake ɗauke ƙafa, ko ya gane wata buƙata ce ta kawo ka, wallahi ban san yadda zai yi ba."

Auta ya ce to. Bayan ta kashe ya daɗe riƙe da wayar, don ya san buƙatar ce ta kai shi, kuma buƙata ƙarewa take yi.

A sutudiyo ya buɗe bidiyon ya rage masa gudu. Kansa ya fara gani, bai kuwa ji daɗin ganin ba. Gwiwarsa na rawa, ɗuwawunsa a bakin kujera, hannunsa na ta laluben aljihu yana neman wayar da ke kan kanta. Baba kuwa ya saki bayansa gaba ɗaya a jikin kujera, ya zare takalmi, tafukansa a kwance kan gwiwoyi, kamar duniya ba ta da wani wurin zuwa. Auta ya riƙa juye wannan, kafaɗa, wuya, yatsu. Sai ya lura da wani abu, ya mayar da hoton baya, ya sake kallo. Duk sa'ad da ya juya fuska ga taga ko ƙofa, sai Baba ya waigo a hankali ya dube shi, daga gashin kai har zuwa hannuwa, bakinsa na ɗan motsi kamar mai shirin magana. Da zarar Auta ya fara juyowa, sai tsohon ya ɗauke ido ya mayar kan labule. A kowane bidiyo haka, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Shi da ke zaune a wurin bai taɓa gani ba.

Ya tsayar da bidiyon a kan fuskar tsohon. Amma mai sana'a mai sana'a ne, hannunsa ya riga zuciyarsa kai wa ga aiki. Tabaran ya san inda mai sanye da shi ke kallo, don haka Auta ya shirya Ɗan Dubiya ya riƙa satar kallonka in ka kau da kai, in ka waigo kuma ka tsinci ƙarshen kallon kawai, yana komawa taga.

Darakta ta ɗaura tabaran, ta daɗe ba ta cire ba har mai sauti ya fara yi wa mutane alama da ido. Da ta cire, ta goge fuska da gefen mayafi ta ce abin nan matse ido yake yi, ya kamata a sassauta igiyarsa.

"Ina ka samo wannan tsohon?" in ji mai sauti.

"A unguwarmu," in ji Auta.

Aka miƙa wa asibiti aikinsu, suka yi ta godiya. Sabon aiki ya shigo, tallar sabulu mai kumfa da ke rera waƙa. Auta ya ce gobe zai je gidan Baba, goben ta zama jibi, mako ya shige, wani ya bi bayansa. Ba mantawa ya yi ba. Tsoro yake ji, don bai san da wace fuska zai zauna ba tun da babu abin ɗauka. Sai ya ɓullo da wata ɗabi'a. Da rana in abokan aiki sun fita cin abinci, sai ya ɗaura tabaran ya zauna kusa da Ɗan Dubiya. Wannan zaman ba wuya. Ba a tambayarsa yaushe zai sake aure, ba kwalaben magani a kan kanta, in ya gaji ya zare igiya ya tashi ba wanda zai raka shi ƙofa da ido.

"Asibiti sun manta da majinyaci ɗaya a nan," in ji mai sauti ranar da ya kama shi. Auta ya yi dariyar yaƙe.

Wata rana yana cikin tabaran, ya kau da kai, ya waigo, ya kama ƙarshen kallon nan, sai ya ji bakinsa ya ce, "Na'am, Baba?" Ɗan Dubiya ya ci gaba da numfashin da mai sauti ya ba shi. Auta ya cire tabaran. Kwamfutoci na ta ƙugi, kujeru duk wayam, wani ya bar rabin lemo a kan tebur. Kaɗaici ya rufe shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a ɗakinsa. Ya ɗauki mabuɗin babur ya fita, bai ko nemi izini ba.

Baba ya buɗe ƙofa da rigar barci a jikinsa, gemu ya tofo. Bai tambayi wa ya rasu ba, bai kuma tambayi ina aka shiga ba. Ya shige ciki ya sako riga mai kyau, ya ɗauraye kofi na biyu da ya yi ƙura. Auta ya zauna, wayarsa na aljihu. Baba ya ajiye tire, ya dubi kanta, ya dubi ɗansa.

"Yau ba za ka sa wayar ba?"

"Akwai caji, Baba."

"Caji." Baba ya yi ɗan murmushi yana juya cokali. "Auta, soket ɗin nan ya mutu tun mahaifiyarka na da rai. Rediyon ma da batir nake jin sa."

Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi. Ai na san aikinka ne, ɗaukar mutane kuna mayar da su zane. Na ce a raina, yaron nan yau ya zo da abin da zan iya taya shi. An gama ke nan?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Na dai yi daidai ko? Na yi ta ƙoƙarin kada in yi tari. Sai dai kallonka da nake yi, wannan na rasa yadda zan hana kaina. In ya ɓata muku aiki, ka yanke shi."

"Bai ɓata ba, Baba."

"To, madalla." Tsohon ya kurɓi shayi, ya dubi labule. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman alfarma a ofis, "In wani aikin ya taso, irin na zama, ka ce musu akwai ni. Ba abin da nake yi."

Maƙwabci ya buɗe ƙofarsa, ta yi kukanta, ya rufe. Auta ya dubi hannuwan mahaifinsa a kan gwiwoyi, hannuwan da ya san kowane motsinsu a kwamfuta, ya ga suna ɗan rawa, abin da bai sa wa Ɗan Dubiya ba.

"Ai ba a gama ba, Baba," in ji shi. "Da saura da yawa."

Ya tashi ya je kanta, ya jingina wayar da kofi, idonta na kallon kujerun. Bai danna komai ba. Ya dawo ya zare takalminsa ya zauna.

Baba ya gyara wuyan rigarsa, ya yi gyaran murya don kada tari ya zo a tsakiya, ya ce, "To, bismillah."