Za Mu Duba, In Ji Tsutsumi

Tun safe Kuwabara take fama da layin sirrin da ya haɗa ɗan kamfaninsu na Nagoya da masana'antar da suke yi wa aiki a Hamamatsu. Na'urorin ɓangarorin biyu sun ƙi musayar mabuɗi, wato lambar sirrin da ke buɗe layin. Ta aika ping, ɗan saƙon nan na "kina nan?", sai ga amsa nan take. Ashe hanya lafiya lau take, can ne ake ƙin mabuɗinsu.

Ta kira Tsutsumi, injiniyan masana'antar, wanda take kai wa kwalin alewa duk ƙarshen shekara.

"Tsutsumi-san, ko kun canza mabuɗi ne?"

Ya ja iska ta haƙora. "Kai, abin da ɗan wuya. Za mu duba."

Ta san irin wannan "za mu duba". An ba wasu aikin, an goge kamfaninsu daga layin, kuma ba mai buɗe baki ya faɗa.

Ta yi godiya har da sunkuyawa, ta ajiye wayar. Na'urar Hamamatsu kuwa tana ta amsawa, "ina nan, ina nan," da ladabi irin na masu ita.